Koyon Kamun Kifi da Fatsa

Ƙasarmu ta Kankiya da Kusada ba ƙasar babban gulbi ba ce. Rafukanmu su kan kawo ruwa da damina, da rani kuwa sai yashi. Saboda haka yawancinmu noma muka gada, da kiwo, da fatauci. Kaɗan ne suka gaji su. Da can in mutum yana son kifi, sai ya jira ranar kasuwa ya sayi banda.

Yanzu an sami canji. An gina madatsun ruwa a wurare da yawa cikin Jihar Katsina. Akwai dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983. Akwai na Jibiya da na Ajiwa. Ban da waɗannan manya akwai ƙanana a nan kusa da mu, ga kuma tafkuna masu daɗewa da ruwa. Kifi ya zo ƙofar gidanmu, amma da yawa ba mu san yadda za mu kama shi ba.

Kifi abinci ne mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake. Yara da mata masu ciki da masu goyo suna bukatarsa ƙwarai. Magidancin da ya iya fatsa zai iya sa wa iyalinsa kifi a miya ba tare da ya taɓa kuɗin hatsi ba. Bari in ba ku labarin yadda ni kaina na koya, da kurakuran da na yi, don ku guje musu.

Malami ya zama ɗalibi

Aikina shi ne zagaya azuzuwan yaƙi da jahilci. A wani ƙauye cikin ƙasar Kusada akwai aji a gindin tsamiya, ba nisa da wani ƙaramin dam. Cikin ɗaliban akwai wani dattijo mai furfura, wanda ya gaji su wajen ubansa. Karatu yana ba shi wuya. Kullum sai ya rikita b da ɓ, da kuma d da ɗ.

Wata rana bayan an tashi ya tsaya ya ce, "Malam, ni dai zan bari. Kaina ya bushe. Ku masu ilmi ba ku san kunyar da babba ya ke ji ba in ya kasa abu gaban jama'a."

Na ce, "Baba, kowa da abin da ya jahilta. Ni da ka ke gani ban taɓa kama ko kifi ɗaya ba."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "To, mu yi musaya. Kai ka koya mini baƙi, ni in koya maka ruwa. Wanda ya fara gudu shi ne rago."

Muka ƙulla alkawari a kan haka.

Kayan aiki

Fatsa ba ta cin kuɗi da yawa. Ga abin da ya ce in tanada:

1. Sanda doguwa mara nauyi, mai ɗan lanƙwasa, kamar gaba 2. Gora ta fi kyau.
2. Zaren roba siriri irin na masunta, tsawonsa daidai da na sandar.
3. Ƙugiya ƙarama da babba, kowace guda 2 ko 3, domin wata ta kan maƙale ta tsinke.
4. 'Yar darma, a matse ta a jikin zare kamar taƙi 1 sama da ƙugiya, don ta ja koto ƙasa.
5. Ɗan guntun kara busasshe, kamar tsawon yatsa. A ɗaura shi a zare ya riƙa yawo a bisa ruwa.
6. Koto, watau abincin da a ke sa wa ƙugiya. Tana ta fi kome. Ana kuma sa gara, da fara, da tuwo da aka cuɗa da dusa.
7. Bokiti ko ƙwarya da ɗan ruwa, don ajiye abin da aka kama.

Wurin da aka ɗaura karan nan shi ne ke nuna zurfin da koto zai kai. In ka matsa da shi sama, koto ya ƙara nitsewa. In ka sauko da shi, koto ya tsaya kusa da bisan ruwa.

Rana ta fari

Baba ya ce in zo da an idar da sallar asuba. Ni kuwa na tsaya karin kumallo, ban iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Na sa farar riga fes. Na zo ina taka ƙasa da ƙarfi, ina ɗaga murya ina sallama tun daga nesa. Ya amsa a hankali, ya ce, "Malam, ka kori rabin abincinmu."

Na zaɓi ƙugiya mafi girma, ina cewa a raina babbar ƙugiya ita ke kama babban kifi. Na tsaya a bakin ruwa, inuwata ta miƙe a kansa. Na jefa zare. Da na ga kara ya ɗan motsa sai in fizge. Na fizga ya fi sau 10, kullum ƙugiya ta fito tsirara, an cinye tana. Ana nan har zare ya sarƙe a reshen ƙaya a bayana. Yaran da suka kawo shanu shan ruwa suka tsaya suna kallo, suna ƙyaƙyata dariya. Rana ta take, na koma gida da bokiti wayam. Ran nan na san irin kunyar da Baba ya ke faɗi.

Kurakuraina 4 ne, kowane kuwa da dalilinsa.

Na fari, na makara. Kifi ya fi cin koto da sassafe da kuma yamma liƙis. In rana ta yi zafi sai ya koma zurfi ko inuwa.

Na biyu, na yi motsi da yawa. Ku duba gefen kifi, za ku ga wani siririn layi daga kai zuwa wutsiya. Da shi ya ke jin girgizar ruwa. Takun mutum a gaɓa yana isa gare shi.

Na uku, na jefa inuwata a ruwa. Tsuntsaye masu cin kifi daga sama su ke zuwa masa, don haka da ya ga inuwa ta gifta sai ya gudu. Mai fatsa ya zauna, ya fuskanci rana, ya sa tufa mai duhu.

Na huɗu, ƙugiyata ta fi bakin kifin girma. Ƙaramar ƙugiya ta kan kama babban kifi, amma babba ba ta shiga ƙaramin baki.

Rana ta biyu

Da mako ya kewayo na riga Baba zuwa. Ya kai ni wani lungu inda ciyawa ta shiga ruwa. Ya ce kifi ba ya zama a fili, yana son jikin ciyawa, da gindin itacen da ya faɗa ruwa, da bakin da rafi ke shigowa. Nan abincinsa ya ke, nan kuma ya ke ɓuya. Ya watsa 'yar dusa a wurin, muka zauna shiru.

Ya nuna mini yadda a ke sa tana. Ana zura ƙugiya cikinta har ƙarfen ya ɓuya, a bar ɗan ƙarshenta yana motsi. Sa'an nan ya ce, "Malam, karan nan shi ne allonka. Magana 3 ya ke yi. Sai ka karanta."

Ga maganar kara:

In yana rawa a wuri ɗaya, ƙananan kifi ne ke tsakurar koto. Kada ka ja.

In ya kama tafiya gefe sannu sannu, kifi ya ɗauki koto a baki. Ka shirya.

In ya nitse gaba ɗaya, to ɗaga sanda nan da nan da wuyan hannu. Kada ka fizga da ƙarfi, bakin kifin zai yage.

Na zuba wa kara ido. Ya yi rawa, hannuna yana ƙaiƙayi, na daure. Ya yi tafiya, na riƙe numfashi. Sai ya ɓace cikin ruwa. Na ɗaga, na ji nauyi yana ja, sanda ta lanƙwasa. Sai ga karfasa kamar tafin hannuna tana wutsil-wutsil a kan ciyawa. Na yi kabbara da ƙarfi. Baba ya ce, "Madalla. Amma ka sake korar sauran."

Jim kaɗan na kama wata 'yar ƙarama, faɗinta bai fi yatsa 2 ba. Zan jefa ta bokiti ke nan, sai ya riƙe hannuna. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiya a hankali, ya mayar da ita ruwa. Ya ce, "Kai manomi ne ko ɗan manomi. Ka taɓa ganin wanda ya yanke gero tun bai yi ido ba?"

Ran nan na koma da karfasa 5. Uwargida ta yi miya, yara suka suɗe kwano.

Halin karfasa

Karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza, ita ce kifin da mai koyo zai fara da shi. Tana da ɓawo, jikinta fale-fale, bakinta ƙarami. Tana yawo ƙungiya ƙungiya a ruwa mara zurfi. Yawancin abincinta gansakuka ne da ganyen ruwa, amma tana cin tana da dusa. Ba ta son sanyi. Da hunturu ba ta cin koto sosai sai rana ta ɗumama ruwa.

Hayayyafarta abin mamaki ne. A wani irinta, namiji ya kan share ɗan rami a ƙasan ruwa kamar kasko. Mace ta zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe su cikin bakinta. Nan za ta riƙe su wajen mako 2, ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe su yi ƙarfi. Ko bayan sun fita, in sun ga tsoro su kan koma bakin uwarsu. Saboda haka wanda ya kama karfasa da ƙwai ko 'ya'ya a baki, ya mayar da ita. In ya kai ta tukunya, kifi ɗaya ya ci, amma ɗaruruwa ya kashe.

Rana ta uku

Wannan karo da yamma muka je, bayan la'asar. Baba ya ce yau tarwaɗa za mu nema. Muka sa babbar ƙugiya da hanjin kaza, muka matsa da kara sama don koto ya kwanta a ƙasa. Dab da magariba kara ya nitse, ba rawa ba tafiya. Na ji kamar an ɗaura mini akuya a zare. Baba ya ce, "Kada ka yi kokawa da ita. Bar sanda a tsaye, ta gaji don kanta." Na bi maganarsa har ta yi laushi, na jawo ta gaɓa.

Murna ta sa na kai hannu na damƙe ta a tsakiya. Ta yi wani juyi, ƙayarta ta soke ni a tafin hannu. Zafi ya hau har kafaɗa. Kwana 3 ban riƙe alli da daɗi ba.

Ku lura. Tarwaɗa tana da ƙaya mai ƙarfi a kowane gefe, dab da bayan kai. In za ka kama ta, ka danne kanta da tsumma, ka sa yatsunka a bayan ƙayoyin nan 2. Wanda ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tsoma shi cikin ruwan ɗumi. In ya kumbura ko ya yi ruwa, sai asibiti.

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, jikinta santsi gare shi. Tana da gashin baki 8, da su ta ke laluben abinci cikin duhu da ruwan laka. Don haka ta fi cin koto da dare, ta fi kuma son mai wari. Tana iya shaƙar iska kamar dabbar tudu, shi ya sa ta kan daɗe ba ta mutu ba bayan an fid da ita. Tana zuba ƙwai da farkon damina, sa'ad da sabon ruwa ya malale ciyawa. A wannan lokaci ya kamata a sassauta mata.

Masu fatsa a wasu ƙasashe

Ba mu kaɗai ke wannan abu ba. A Amurka da Kanada akwai wani kifi da su ke kira bas mai ƙaramin baki. Yana zama cikin koguna da tafkuna masu ruwa garau da duwatsu. Ba shi da girma ƙwarai. Mafi girma da aka rubuta an kama shi a 1955, nauyinsa kilo 5 da 'yan kai. Amma in ƙugiya ta kama shi yana tsalle yana ja da ƙarfi, shi ya sa su ke sonsa. Namijinsa ne ke share gurbi cikin tsakuwa, ya tsare ƙwai. A wurare da yawa can doka ta faɗi tsawon kifin da a ke iya ɗauka, wanda bai kai ba a mayar da shi. Kun ga abin da Baba ya gada wajen ubansa, su a takarda suka rubuta shi.

A nan gida kuwa kowa ya ji labarin bikin su na Argungu, a Jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934. Can a ke fid da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Amma ba a shiga ruwan sai sarkin ruwa ya ba da izini, an kuma bar kifin ya huta ya girma kafin ranar. Mai koyo kada ya sa ransa ga giwan ruwa. Ya fara da karfasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsare lafiya

Ruwan da ke kwance yana da cuta, babbarta tsargiya. Ga yadda ta ke yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan katantanwa. Bayan 'yan makonni su fito da yawa, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan sai su huda fatarsa su shiga jini. Sun fi fitowa da tsakar rana. Alamar cutar fitsarin jini. Waɗansu suna cewa alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana kuwa lalata mafitsara in ya daɗe. Akwai ƙwayar maganinsa a asibiti.

Nan fatsa ta fi sauran hanyoyin su, domin mai fatsa a tudu ya ke zaune. Ga abin da za a kiyaye:

1. Kada ka shiga ruwa don ciro ƙugiyar da ta maƙale. Yanke zare ka ɗaura wata.
2. Kada ka yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa.
3. Kada ka sha ruwan dam sai an tafasa. Taho da naka a gora.
4. Ƙasan dam ba daidai ta ke ba, akwai ramuka da laka mai riƙe ƙafa. Wanda bai iya iyo ba kada ya je shi kaɗai. Yaro kada ya je sai da babba.
5. Duba bayanka kafin ka jefa zare. In ƙugiya ta shige nama har kunnenta ya ɓuya, kada a fizge, a tafi asibiti.

Abin da aka hana

Ruwa yana da masu kula da shi. Kafin ka fara, ka gai da sarkin ruwa ko mai unguwa, ka tambayi ƙa'idar wurin. Kada ka taɓa tarun wani ko ƙugiyoyinsa.

Waɗansu marasa tunani su kan zuba maganin ƙwari na gona a ruwa don kifi ya taso. Wannan mugun aiki ne. Yana kashe babba da ƙarami da ƙwai. Shanu su sha, mutane su ci kifin, kowa ya cutu. Dokar ƙasa ta 1992 ta hana kamun kifi da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki. Haka kuma kada a ja gidan sauro cikin ruwa. Idonsa ƙanana ne, ba ya barin ko ɗan tsako. An raba shi ne don tsare iyali daga zazzaɓin cizon sauro.

Gyaran kifi

Kifi ba ya jiran mutum, da zafi ya kan lalace cikin yini ɗaya. Da ka isa gida a kankare ɓawon, a fasa ciki a zubar da hanji, a wanke da ruwa mai tsabta. Tarwaɗa a goge santsinta da toka ko ruwan zafi. A dafa shi ya nuna sosai. Wanda ya ragu a sa masa gishiri a yi banda a kan wuta mara harshe har ya bushe. In za a ba yaro, a tsince ƙaya tukuna.

Amfanin rubutu ga mai fatsa

Da na ga ina mance inda na sami kifi da inda na rasa, sai na sayi ɗan littafi. Kowace fita na kan rubuta rana, da wuri, da lokaci, da koto, da abin da na kama. Bayan wata 3 na duba, na ga lungun da ya fi, da koton da ya fi. Baba ya ga haka ya ce shi ma yana so. Abin da ya sani duk a kansa ya ke, jikokinsa kuwa sun tafi makaranta, ba mai zama ya ji.

Ya ɗauki fensir. Kalmar da ya fara rubutawa ita ce tarwaɗa. Ya tsaya a kan ɗ, ya dube ni, ya ce, "Malam, ashe wannan ƙugiya ce da ita a ka." Tun daga ran nan bai sake rikita ta da d ba. Bai bar aji ba, ni ma ban bar bakin ruwa ba. Yanzu littafinsa ya kai shafi 20.

Tambayoyi

1. Faɗi kurakurai 4 da malamin nan ya yi a rana ta fari.
2. Mene ne maganar kara guda 3? Yaushe a ke ɗaga sanda?
3. Don me a ke mayar da ƙaramar karfasa ruwa?
4. Yaya a ke riƙe tarwaɗa?
5. Ta yaya tsargiya ke shiga jikin mutum?
6. Wace sana'a ka iya wadda za ka koya wa wani cikin ajinku?

Aikin rubutu

Rubuta waɗannan kalmomi sau 3, ka lura da baƙaƙe masu ƙugiya: ƙugiya, tarwaɗa, ɓawo, ƙaya, gaɓa, ɗalibi.